Ledger, Trezor, Coldcard ko Tangem: Wace Na'urar Ajiyar Kirifto Ce Ta Dace da Kai?

Da yawa daga cikin masu sayen na'urar walet suna ɗauka wani ɗan asusu ne da ake zuba Bitcoin ko USDT (kirifto mai bin darajar dala) a ciki a kulle. Ba haka abin yake ba. Kuɗin suna nan a rubuce a bulokcen, wato kundin intanet da ke riƙe lissafin kirifto, ba su taɓa shiga na'urar ba. Abin da take riƙewa shi ne mabuɗin sirri, kuma aikinta biyu ne kacal: ta ƙirƙiri mabuɗin a cikinta, sannan ta riƙa sa hannu a kan kowane aike ba tare da mabuɗin ya leƙo waya ko kwamfuta ba. Shi ya sa idan na'urar ta faɗa rijiya babu abin da ya ɓata, muddin kalmomin ceto, wato jerin kalmomin da ake dawo da mabuɗin da su, suna hannunka. Idan kuwa kalmomin suka faɗa hannun wani, to ko na'urar tana ƙarƙashin matashin kanka, kuɗi sun tafi.

Dalilin sayenta sananne ne. Wanda ya bar kuɗinsa a dandalin musaya, amana ya bayar. Dandalin FTX ya rushe a watan Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki, kuma a nan gida Binance ta rufe duk harkokinta na naira a watan Maris na 2024. Sai dai ba kowa ne ke bukatar na'urar ba. Mai juya dala ɗari ko ɗari biyu kullum a kasuwar P2P, inda ake ciniki mutum da mutum, zai ga ta zame masa kaya, domin kuɗin sayenta da na kawo ta sun kusa cinye rabin jarin. Na'urar ta mai ajiya ce, wanda zai bar kuɗi su kwana watanni ko shekaru.

Tambayoyi biyu da ke rage rabin jerin

Kafin a shiga gardamar wane kamfani ya fi tsaro, ka fara duba me za ka ajiye, da kuma wace waya ce a hannunka.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke riƙe kirifto a Najeriya da Nijar USDT suke riƙewa, kuma galibi a kan layin Tron, wato TRC20. Wannan kaɗai ya fitar da Coldcard daga lissafi, domin Bitcoin zalla take ɗauka. Ya fitar da Jade ta kamfanin Blockstream, ya kuma fitar da BitBox02 ta Suwizalan, wadda babban samfurinta ke ɗaukar Bitcoin da Litecoin da Cardano da Ethereum da 'ya'yansa amma ban da Tron. Trezor ma ta shafe shekaru ba ta ɗaukar Tron, don haka duk mai sha'awarta ya buɗe jerin kuɗaɗen da ke shafin kamfanin ya ga samfurin da zai saya da idonsa tukuna. Ledger da Tangem kuwa sun daɗe suna ɗaukar USDT na Tron kai tsaye a manhajarsu.

Sai waya. Ledger Nano S Plus da Trezor Model One da Safe 3 da Safe 5 duk da wayar USB suke aiki. Suna haɗuwa da kwamfuta da Android, amma ba za ka iya aika kuɗi da su ta iPhone ba. Mai iPhone da ba shi da kwamfuta yana bukatar mai Bluetooth kamar Nano X, ko kati mai NFC kamar Tangem, ko mai aiki da hoton QR kamar Keystone 3 Pro. Mutane sukan gano wannan ne bayan kaya sun iso, an biya kuɗin jirgi da na kwastan.

Ledger da Trezor: bambancin da ke ƙarƙashin murfi

Waɗannan biyun su ne manya, kuma sun saɓa tun daga tushe. Trezor, na kamfanin SatoshiLabs da ke birnin Prague a Jamhuriyar Cek, shi ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 2014. Aƙidarsa ita ce komai a buɗe: manhajar da ke cikin na'urar tana intanet, duk mai ilimin abin zai iya karantawa ya ga ko akwai wata ɓoyayyiyar ƙofa. Ledger na Faransa, wanda aka kafa a shekarar 2014 shi ma, ya ɗauki wata hanya. Ya sa mabuɗin a cikin cip na musamman irin wanda ke katin banki da fasfo, wanda aka ƙera don ya jure wa mai farke na'ura da kayan aiki. Farashin wannan shi ne wani sashe na manhajarsa a rufe yake, sai dai ka yarda da kamfanin.

Kowace hanya ta nuna rauninta a bainar jama'a. A watan Janairun 2020 masu binciken tsaro na dandalin musaya na Kraken suka nuna cewa wanda ya riƙe Trezor Model One ko Model T a hannu zai iya zaro kalmomin ceto cikin kusan minti 15, ta hanyar wasa da ƙarfin wutar da ke shiga cip ɗin har ya yi tuntuɓe ya saki abin da ke cikinsa. Ba a iya gyara wannan da sabunta manhaja, domin aibin a jikin cip ɗin yake. Amsar Trezor ta zo a 2023 da Safe 3, sannan Safe 5 a 2024, duka biyun da ƙarin cip ɗin tsaro da ke gadin PIN. Saboda haka a yau babu hujja mai ƙarfi ta sayen Model One, ko da ya fi araha. Yana da wani naƙasun kuma: ƙarin kalmar sirri, wadda bayaninta ke zuwa a ƙasa, a kwamfuta ake buga masa ita, ba a jikinsa ba.

Matsalolin Ledger kuwa ba daga cip suka zo ba, daga kamfanin suka zo. A 2020 aka kutsa rumbun bayanan kwastomominsa, aka kwashe imel kusan miliyan ɗaya, kuma a watan Disamba aka watsa sunaye da adireshin gida da lambobin waya na mutane kimanin 272,000. Ba a saci kuɗi daga na'urori ta wannan kutsen ba, amma an buɗe wa 'yan damfara ƙofa: saƙonnin ƙarya, kiran waya, har da aika wa mutane jabun na'ura ta gidan waya a 2021 da wasiƙa mai cewa tsohuwar ta lalace, a zuba kalmomi a sabuwar. Sai kuma rigimar watan Mayun 2023, da kamfanin ya sanar da Ledger Recover, wani tsari na biyan kuɗi duk wata wanda ke raba mabuɗinka gida uku a rufe ya ba kamfanoni uku ajiya. Tsarin na ganin dama ne, ba a sa kowa dole. Abin da ya tayar da hankalin mutane shi ne ya tabbatar da cewa manhajar ciki za ta iya fitar da mabuɗi idan an rubuta ta haka. A gaskiya wannan haka yake ga kusan kowace na'ura. Bambancin shi ne a Trezor ana iya karanta abin da aka rubuta, a Ledger kuwa ba duka ba.

To wanne ya fi? Idan abin da kake tsoro shi ne a sace na'urar a farke ta, Nano S Plus da Safe 3 duk sun isa, kuma kusan farashinsu ɗaya, dala 79 aka fito da kowannensu. Idan tsoronka kamfani ne, Trezor ya fi kwantar da hankali. Idan kuwa kuɗaɗenka iri-iri ne a layuka daban-daban, Ledger ya fi faɗin hannu.

Akwai ƙaramin bambanci da ke cizon mutane a gida mai yara. PIN na Ledger lamba 4 zuwa 8 ne, kuma kuskure uku a jere na sa na'urar ta goge kanta. Trezor yana karɓar lamba har 50, yana ninka lokacin jira bayan kowane kuskure, sai a na 16 yake gogewa. Coldcard ta fi su zafi: kuskure 13 ya kashe na'urar har abada, ba gogewa kawai ba. A duka ukun kuɗi ba sa ɓata idan kalmomi na nan, amma yaron da ya tsinci Ledger ya yi wasa da maɓallansa zai iya sa ka zaman mayar da walet da yamma ɗaya.

Nano X ya fi Nano S Plus tsada, kuma abin da kake saya da ƙarin kuɗin Bluetooth ne da batir. Mabuɗi ba ya bi ta Bluetooth, abin da aka riga aka sa wa hannu ne ke bi, don haka ba a nan matsalar take ba. Matsalar batir ce. Na'urar da za ta yi wata shida a akwati cikin zafin Afrilu, batirinta ne zai fara mutuwa. Wanda ba iPhone gare shi ba, ya bar kuɗinsa a aljihu. Tsohon Nano S na 2016 kuwa, wanda har yanzu ake gani a hannun masu sayarwa da araha, a bar shi: ma'ajinsa ƙarami ne ƙwarai, kuma kamfanin ya daina ƙera shi.

Coldcard ga mai Bitcoin zalla

Coldcard ta kamfanin Coinkite ce a Kanada, kuma ba a yi ta don sabon shiga ba. Samfurin Mk4 yana da cip ɗin tsaro biyu daga kamfanoni daban-daban, don kada aibin ɗaya ya isa. Ana iya amfani da ita ba tare da ta taɓa haɗuwa da kwamfuta ba: ka shirya aike a manhaja irin Sparrow, ka sa fayil ɗin a katin memori na microSD, ka kai wa Coldcard ta sa hannu, ka dawo da katin ka watsa. Samfurin Q ya ƙara madannin haruffa da na'urar karanta QR, yana kuma cin batir AAA na kanti. PIN ɗinta kashi biyu ne: ka buga na farko, ta nuna maka kalmomi biyu da ita kaɗai za ta iya fitarwa, in ka ga ba su ba ne ka san an musanya maka na'ura, sai ka tsaya. Wanda bai yarda da lissafin na'ura ba ma zai iya jefa ɗan lido mai fuska shida sau 99 ya samar da kalmomi 24 da kansa.

Duk wannan daɗi ne ga wanda ya san abin da yake yi. Ga wanda bai sani ba, yawan zaɓin kansa tarko ne. An fi asarar kuɗi ta hanyar ruɗa kai da tsari mai wuya fiye da ta hannun ɓarawo mai kayan farke cip. Mai son Bitcoin zalla da sauƙi ya duba BitBox02 ko Trezor Safe 3, dukansu suna da samfurin da Bitcoin kaɗai yake ɗauka.

Tangem: sauƙi da abin da aka bayar a madadinsa

Tangem kati ne kamar na ATM, ba batir, ba wayar USB, ba allo. Ana sayar da shi biyu ko uku a fakiti, ana manna shi a bayan waya ya sa hannu. A tsarinsa na asali babu kalmomin ceto kwata-kwata: mabuɗi ɗaya ne ake kwafa a katunan lokacin saitin farko, kowane kati madadin ɗan'uwansa ne. Ga wanda aka san zai ɗauki hoton kalmominsa ya ajiye a waya, wannan rahama ce. Ba ya tsoron ƙura ko ruwa, kuma minti kaɗan ake saita shi.

Abin da aka rasa shi ne allo, kuma ba ƙaramin rashi ba ne. A sauran na'urori, allon jikinsu shi ne shaidar da ba ta ƙarya: ko wayarka ta kamu da muguwar manhaja, adireshin da za a aika wa kuɗi na gaskiya zai bayyana a can. Da Tangem, abin da waya ta nuna maka shi ka gani. Sannan ba a ƙara kati daga baya. In ka saita da biyu, biyu ne har abada, in duka suka ɓata babu mai dawo maka da komai. A kula kuma, a saitin da yake zuwa da shi, kati na biyu yana iya sake lambar sirrin na farko. Ma'ana wanda ya samu katunanka biyu a wuri ɗaya ya gama da kai, sai in ka kashe wannan zaɓin. Kada katunan su kwana a ɗaki ɗaya.

Inda za a saya

A saya daga shafin kamfanin ko daga dillalin da sunansa ke jerin da kamfanin ya wallafa. Ban da na hannu, ban da wanda wani ya ce ya riga ya saita maka. A 2023 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya ba da rahoton wani jabun Trezor Model T da aka canza wa cip, yana ba mai shi kalmomin da ɓarayi suka riga suka sani. Sun bar shi ya zuba kuɗi, bayan kusan wata ɗaya suka kwashe.

Alama mafi girma ita ce wannan: na'urar gaskiya ba ta zuwa da kalmomi ko PIN. In ka buɗe kwali ka ga kati da kalmomi 24 a buge, ko wanda ake kankarewa kamar katin waya, damfara ce, ba tantama. Trezor yana zuwa ba manhaja a cikinsa, sai ka haɗa shi ya ɗora, kuma yana da tambarin hologiram. Ledger ba ya sa tambari, ya dogara da gwajin sahihanci da manhajarsa ke yi wa cip. Coldcard tana zuwa a leda mai lamba, lambar kuma dole ta dace da wadda allon zai nuna. Bayan abin da ya faru a 2020, hikima ce a sa adireshin ofis ko wurin karɓar kaya maimakon na gida, da imel na daban.

Manhajar ma a sauke ta daga adireshin da ke rubuce a takardar cikin kwali, a buga shi da hannu. Kada a bi tallan da ke saman sakamakon Google. A watan Nuwamban 2023 jabun manhajar Ledger ta shiga kantin Microsoft kansa, ta kwashe dubban ɗaruruwan daloli kafin a cire ta.

Zaman saiti

Ka ware awa ɗaya, kai kaɗai, a ɗakin da ba kyamara. Ba a shagon gyaran waya ba, ba kuma tare da abokin da ya iya ba. Haɗa na'urar, bari manhaja ta tabbatar da sahihancinta ta sabunta manhajar ciki, sannan ka zaɓi ƙirƙirar sabon walet. Kada ka zuba tsofaffin kalmomin Trust Wallet ko MetaMask a cikinta. Waɗancan sun riga sun zauna a waya mai intanet, sa su a na'ura ba ya wanke su. Sabbin kalmomi, sabon adireshi, sannan a aiko da kuɗin.

PIN ya zama lamba 8 ko fiye inda na'urar ta yarda, ban da shekarar haihuwa da wutsiyar lambar waya. Daga nan allon zai riƙa nuna kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta da biro da manyan baƙaƙe, kowace da lambarta, domin jerin yana da muhimmanci kamar kalmomin kansu. Kalmomin na Turanci ne, daga jerin BIP39 mai kalma 2048, daga abandon zuwa zoo. Babu jerin Hausa, kuma kada ka fassara su don ɓoyewa. Baƙaƙe huɗu na farko sun isa su bambanta kowace kalma da sauran, wannan zai yi amfani idan an zo bugawa a ƙarfe. Kalma ta ƙarshe tana ɗauke da ɗan lissafin tantancewa, shi ya sa sau da yawa in ka kuskure kalma ɗaya na'urar za ta ce jerin bai inganta ba.

A nan akwai wani zaɓi da Trezor ke gabatarwa wanda mutane ke dannawa ba su duba ba. Sabbin samfuransa suna fara ba ka kalmomi 20 na tsarin SLIP39 maimakon 12 ko 24 na BIP39. Amfaninsa shi ne daga baya za ka iya raba ajiyar kashi-kashi, misali kashi uku wanda kowane biyu sun isa su buɗe. Illarsa ita ce ba kowace na'ura ke karɓarsa ba. Ledger ba ya karɓa. In kana son ranar da na'urarka ta mutu ka iya sayen kowace iri ka ci gaba, zaɓi BIP39.

Kafin ka zuba kuɗi masu yawa, gwada ajiyar. Ledger yana da manhajar Recovery Check, Trezor ma yana da gwajin kalmomi wanda ba ya goge komai. Gwajin da ya fi gamsarwa shi ne ka aika abin da bai wuce dala 10 ba, ka goge na'urar gaba ɗaya, ka mayar da ita da kalmomin da ka rubuta, ka ga kuɗin sun dawo, sannan ka aika su waje don ka tabbatar ka iya fitarwa. In ka mayar ka ga sifili, kada gabanka ya faɗi tukuna. A Bitcoin kalmomi ɗaya suna haifar da asusu iri-iri: mai farawa da 1, mai 3, mai bc1q, mai bc1p. Sau da yawa manhajar tana duba wani iri ne daban da wanda ka yi amfani da shi. A Ledger kuma sai ka sake ɗora manhajar kowane kuɗi ka ƙara asusun.

Mai USDT ya tuna abu biyu. Layin da aka zaɓa wurin cirewa daga dandali dole ya dace da adireshin: na Tron da T yake farawa, na Ethereum da 0x, kuma BNB Chain ma 0x ne, wanda shi ke ruɗa mutane. Na biyu, galibi ba a biyan cajin aika USDT da USDT. A Tron sai da TRX, kuɗin layin kansa, a adireshin don biyan caji, a Ethereum sai da ETH. Ka aika ɗan TRX tun farko, in ba haka ba ranar bukata kuɗin na nan kana kallo ba sa motsi.

Takarda, ƙarfe, da kalma ta 25

Takarda ta isa ta fara, ba ta isa ta daɗe ba. Gara na cinta, damina na jiƙa ta, tana kamawa da wuta a wajen digiri 230. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, zafin da gobarar gida ke iya kaiwa, don haka shi ma bai isa ba. Baƙin ƙarfe marar tsatsa, irin 304, sai wajen digiri 1,400. Ba dole sai an sayi faranti mai tsada daga waje ba: wasa 24 (ƙananan faifai masu huda da ake sa wa noti) na ƙarfe marar tsatsa, noti da ƙusarsa mai zare, guduma, da saitin baƙaƙen bugawa sun wadatar. A kowace wasa ka buga lamba da baƙaƙe huɗu na farko, ka jera su a ƙusar ka ɗaure. Amma da hannunka. Kai wa maƙeri ko mai zanen allo kalmominka daidai yake da miƙa masa kuɗin.

Kwafi biyu a wurare biyu ya fi ɗaya. Hoto, WhatsApp, imel, Google Drive, duk babu. Raba kalmomi gida biyu da kanka, rabi nan rabi can, dabara ce da ke cutar mai ita: in rabi ya ɓata ka rasa duka, in kuma kalmomi 12 ne, wanda ya samu shida ya rage wa kansa aiki ƙwarai. Mai son rabawa ya yi da SLIP39, wanda kashi ɗaya ba ya bayyana komai.

Ƙarin kalmar sirri, wadda ake kira kalma ta 25, ita ce mafi ƙarfi kuma mafi haɗari a cikin kayan aikin. Jimla ce da kai ka zaɓa, har baƙi 50 a Trezor, 100 a Ledger. Tana haɗuwa da kalmominka ta haifar da walet na daban gaba ɗaya, ta yadda wanda ya tsinci ƙarfenka zai ga asusun fili ne kawai. Haɗarin shi ne babu kalmar da na'ura za ta ce ba daidai ba. Ka sauya babban baƙi da ƙarami, ko ka ƙara tazara a ƙarshe, sai ta buɗe maka wani walet fanko ba tare da gargaɗi ba. Wasu sun zuba kuɗi a walet ɗin da kuskuren bugu ya haifar, suka kasa maimaita kuskuren. In za ka yi amfani da ita, ka rubuta ta, ka ajiye nesa da kalmomin, ka shiga ka fita sau biyu ka ga adireshin farko bai canza ba kafin ka aika ko sisi. Ledger yana ba da damar ɗaura ta a PIN na biyu, Coldcard kuma tana da PIN na tilas da ke buɗe asusun yaudara. Waɗannan suna taimakawa idan an tsare mutum, amma abin da ya fi su shi ne kada a san kana da shi. A watan Janairun 2025 an yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ledger, a Faransa.

Abin da babu na'urar da ke hanawa

Na'ura tana sa hannu a kan abin da ka amince da shi, ko da guba ne. Akwai muguwar manhajar da ke sauya adireshin da ka kwafa da na ɓarawo. Akwai masu aiko maka da ɗan ƙwandala daga adireshi mai kama da na abokin cinikinka a farko da ƙarshe, don gobe ka kwafo nasu daga tarihin aike. Maganin duka biyun ɗaya ne: karanta adireshin a allon na'urar, har tsakiyarsa, ba baƙaƙe huɗun farko da na ƙarshe kawai ba.

Mafi muni shi ne sa hannu ido rufe, inda allon ke nuna tarin lambobi maimakon bayani. A ranar 21 ga Fabrairun 2025 aka kwashe kusan dala biliyan ɗaya da rabi na Ethereum daga dandalin Bybit, alhali masu sa hannun suna amfani da tsarin da sai mutum da yawa sun sa hannu. An gurɓata shafin da suke kallo, ya nuna musu aike na yau da kullum, suka amince da wani abu daban. A ƙaramin mataki haka ake yi wa masu bin kyautar kirifto: ka haɗa walet da wani shafi, ka ba kwantiraginsa, wato manhajarsa da ke aiki a bulokcen, izinin taɓa USDT ɗinka ba iyaka, ya dawo ya share. A Tron har akwai sa hannun da ke miƙa ikon asusun gaba ɗaya ga wani. Asusun ajiya kada ya taɓa haɗuwa da kowane shafi. A buɗe wani asusun daban mai kuɗi kaɗan don wannan. Kuma USDT kamfanin Tether da ke fitar da shi na iya daskarar da shi a kowane adireshi, ko mabuɗin yana cikin wace na'ura.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗan kasuwa mai USDT na Tron da Android ko kwamfuta: Nano S Plus. Irinsa mai iPhone kaɗai: Nano X, ko Tangem mai kati uku idan kuɗin matsakaita ne kuma ya san ba zai iya riƙon kalmomi ba. Mai Bitcoin da Ethereum da ke son abin da ake iya bincikawa: Safe 3, Safe 5 kuwa ƙarin allon taɓawa ne mai sauƙaƙa buga kalmar sirri. Mai Bitcoin zalla da ya ƙware: Coldcard. Wanda ajiyarsa ta kai girman da asararta za ta karya gida, ya wuce na'ura ɗaya ya koma tsarin biyu-cikin-uku, inda sai mabuɗai biyu cikin uku sun sa hannu, da na'urorin kamfanoni daban-daban, yana mai ajiye fayil ɗin bayanin walet ɗin tare da kowane kashi, domin mabuɗai biyu ba tare da shi ba ba sa isa.

Saura batun gado. Babu banki ko kotu da za ta iya buɗe wa magada walet. A rubuta takarda da ba ta ƙunshi kalmomin ba, mai bayyana cewa akwai dukiya, irin kuɗin da layinsu, sunan na'urar, inda ƙarfen yake, da ko akwai kalma ta 25 da wurin da take. A haɗa da gargaɗi a fili cewa kada su buga kalmomin a waya ko su tura wa wanda ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, su sayi sabuwar na'ura su shigar a jikinta. Takardar ta zauna tare da wasiyya, a kuma sake duba ta duk lokacin da aka canza wurin ajiya.